Mai Kira Muka Nema, Mai Ƙira Muka Samu

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar mota a Gusau, ni da ƙanwata mai karatun halittu a jami'a. Tarwaɗa ce ta fitar da mu. Tun bara nake kiwon wasu manya a tankin ruwan maiɗakina, ina jiran su hayayyafa, su kuwa ban da ci babu abin da suka iya. Maiɗakin nawa ta gaji, ta ce ranar Juma'a tana son tankinta, kifin kuma farfesu za ta yi da su.

Ƙanwata ce ta sa min wannan tunani. Ta ce a wasu kifaye namiji yakan yi gurnani a ƙarƙashin ruwa don ya jawo mace. Ta zarce da bayanin ƙwaƙwalwa da sinadaran jiki, amma ni tuni na daina saurare, don na hango mafita: in ɗauko sautin a waya in kunna wa nawa. Na tura wa wani abokina direba saƙo ya samo min wanda ya iya kira, na harkar kifi. Ya ce akwai gwani a Tsafe.

Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi, ga shingayen bincike, kowanne sai an tsaya. Da muka wuce dutsen Kwatarkwashi na fara tambayar kaina: wai ina gwanin kifi zai samu gulbi a cikin waɗannan duwatsu? Wainar da muka ci a tashar Tsafe ce ta ɗan kwantar min da hankali, mai ita ba ta rowar miya.

Kwatancen abokina ya kai mu wata rumfa mai gawayi da zugazugi. Wani dattijo ya amsa sallama, ya shimfiɗa mana buhu, ya zube ƙugiyoyi a gabana.

"Wacce kaka so, Malam? Ga ta tarwaɗa, ga ta kurungu."

Na ce ni sautin nake so, wanda namiji ke yi wa mace. Ya dube ni, ya dubi ƙanwata.

"Ni ƙira nika yi, ba kira ba. Ban taɓa kiran kihi ya amsa ba."

Sai a lokacin na gane. A waya ba ma sa wa harafi lanƙwasa, abokina ya karanta kira a matsayin ƙira. Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye. Don kunya na sayi ƙugiyoyin da ban san abin da zan yi da su ba. Dattijon ya ce in masunta muke nema, sai Bungudu.

Bungudu kuwa tana ɗaya gefen ne, dole muka sake ratsa Gusau. Da motar ta zo kwanar unguwarmu na sunkuyar da kai.

Zafin bazara ya shanye gulbin, sai yashi da 'yan kududdufai, da masu lambu suna jan ruwa da inji. Masunta biyu muka tarar a inuwa, kuma ba su yarda da juna a kan komai ba. Ɗaya ya ce kurungu na kuka in an fiddo shi, amma shi bai taɓa tsoma kunnensa a ruwa ba. Ɗayan ya ce tarwaɗa ba ta neman juna sai ruwan farko ya sauko gulbi ya yi ja. Duk da haka na ƙulle wayata a leda, na zura ta cikin kududdufi da sanda. Da na kunna, ƙarar injin ban-ruwa kawai muka ji, tas.

A motar dawowa ƙanwata ta ce, "Yaya, rabin maganata ka ji. Ko ka samu sautin, in ba lokacin haihuwa ba ne ƙwaƙwalwar macen ba ta ɗaukarsa da muhimmanci. Sai ƙwai ya cika cikinta jinta ke ƙaruwa, ta gane ita ake kira."

Na tambaye ta ko tarwaɗa ma haka take. Ta ce ba ta sani ba, kifin da ta karanta wani iri ne daban. Kaina ya ƙara kullewa, na ji haushin kaina ƙwarai.

Mun iso gida gab da magariba. Na tarar da maiɗakina tana fama da ɗanyen icce, hayaƙi ya cika mata ido. Na roƙe ta ta ƙara wa kifin nan lokaci. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Bayan ta huta, ta ci tsiren da na riƙo mata, na maimaita maganar, ban canza ko kalma ɗaya ba.

"To, zuwa ruwan farko," in ji ta. "In an yi ruwa ba su yi komai ba, tukunya."

Abin da tafiyar ta koya min ke nan: na yi ta yawon neman kira, alhali mai ji ce lokacinta bai yi ba. Yanzu kullum da yamma ina tsaye bakin tanki ina duban gabas, ban sani ba ko addu'ar hadari ya taso zan yi, ko ya ɗan dakata.