Gawon Gonar Baba Mati

Mahaifina Mati manomin gero ne a wani ƙauye kusa da Zakirai, kuma har ya tsufa ana yi masa kallon mai taɓin hankali. Laifinsa tambaya. Yana saurayi ya tare liman bayan la'asar ya ce, "Malam, na yarda akwai Allah, amma ina son in ga inda ya sa hannu." Aka yi ta salati. Ni har yau ban ga abin salati a nan ba.

A gonarsa ya sami amsa. Akwai wani gawo a tsakiyarta. Da damina, kowace bishiya ta yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa, rana ta sauko wa gero. Da rani, komai ya bushe, shi kuma ya yi lif, awaki su kwanta a inuwarsa. Baba yakan jingina da shi, ido a lumshe, ya ce, "Aina'u, da duniya ce ke tafiyar da kanta, da itatuwa hanya ɗaya za su bi. Wannan wani ne ya ce masa, kai juya."

Bayan ya makance, duk rani sai ya tambaye ni, "Ya yi ganye?" In ce ya yi, ya yi murmushi kamar an gaishe shi daga nesa.

Sai yayana Hadi ya sa aka sare gawon, wai yana hana tarakta juyawa. Taraktar ma ta haya ce. Ya ce kada a gaya wa Baba. Ni ma na ji tsoro, kada tsoho ya rasa abin da ya riƙe tsawon ransa, amma ban iya ƙarya ba. Da ya tambaya, na faɗa masa.

Ya miƙo mini hannu. Sannan ya ce, "Kai ni."

Na ja shi har gonar, ƙasa na ƙona ƙafa. Ya durƙusa yana shafa kututturen, yana lalube a hankali, har ƙaya ta soke shi. Toho ne ya fito ta gefe, ɗan siriri, da ganyensa a tsakiyar rani.

Ya tsotsi yatsansa. "Kin gani? An sare shi, bai manta abin da aka ce masa ba. Ki ce wa Hadi ya kewaye shi, kada awaki su cinye."