Hannun da Altine Ya Yi Yanka da Shi

Abubuwa da yawa na aikin majigi sun ɓace mini, amma ban manta da ranar da muka haska Altine mahauci a filin Ƙofar Taramniya ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, shi zan ba ku.

Zamanin Turawa ne, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba. Ku da kuka tashi da talabijin, majigi mota ce da ke yawo da injin wuta, da na'urar haska fim, da babban farin ƙyalle. Shugabanmu Bature ne, mutanen gari suna ce masa Mai Lofe domin lofen taba ba ya barin bakinsa. Ƙarƙashinsa akwai Malam Haruna, shi ne afareta, wato mai ɗaura fim a na'ura ya juya. Sai ni, mai bayani. Yawancin finafinan ba su da magana, don haka ni ke tsayawa kusa da na'ura da lasifika ina faɗa wa jama'a abin da suke gani. A ƙarshen kowane nuni mukan haska ɗan guntu daga fim ɗin da zai zo nan gaba, don mutane su ƙosa su dawo. Ɗanɗano muke ce masa.

A lokacin ne aka ɗauki fim a cikin Sakkwato kanta, a kan yadda ake feɗe akuya ba a huda fata ba, saboda fatar jar akuyarmu tana da daraja a ƙasar Turai. Da aka nemi gwanin fiɗa, Sarkin Pawa ya ba da Altine na Ƙofar Atiku. Mutum ne mai tsabta, marar yawan magana, gidaje da yawa shi suke kira yankan ragon suna. Aka ɗauki hotonsa yana aiki a mahauta, aka aika da fim Ingila a wanke, har muka fara mantawa. Da fim ɗin ya dawo, Mai Lofe ya ce a fara nuna ɗanɗanonsa.

Ɗabi'armu ita ce mu rataya ƙyalle a jikin bango, jama'a su zauna gabansa. Amma labari ya riga ya bazu cewa ɗan gari zai fito a majigi, tun la'asar fili ya fara cika. Sai Mai Lofe ya ce a kafa sanduna a tsakiyar fili a ɗaura ƙyallen, wasu su zauna gaba wasu baya, tunda haske na ratsa shi. Ba mu taɓa yin haka ba sai ranar. Sarkin Pawa da Altine da manyan mahauta suka sami wuri a gaba. 'Yan kasuwa da suka makara wurin rufe rumfuna suka zauna a baya.

Bayan sallar isha'i aka fara. Da aka zo ɗanɗano, fuskar Altine ta cika ƙyalle, wuri ya ɗauki sowa. Na ce, "Jama'a, ga naku! Ga Altine ɗan Ƙofar Atiku!" Aka ga ya kwantar da akuya ya yanka, ya fara fiɗa, sannan ya miƙa wa wani dattijo tsokar nama. Sai fim ya yanke. Na ji salati yana tashi daga bayan ƙyalle, na ɗauka mamaki ne. Muka naɗe kaya muna murna.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na tarar da Altine tsugune a ƙofar ofishinmu. Ya rame, idonsa ya yi ja.

Na ce, "Altine, lahiya?"

Ya ce, "Malam, mi niy yi muku? Kun kashe ni da raina."

Na jawo shi inuwa, ya ba ni labari. Tun washegarin nuni aka fara cewa Nasara sun koya masa yanka da hannun hagu, har ya miƙa wa sa'an ubansa nama da hagu. Namansa ya kwana a kan tebur har ya yi wari. Gidan da suka kira shi yankan suna sun aiko cewa sun sami wani. Sarkin Pawa ya rantse cewa da hannun dama ya ga ya yanka, aka ce nasa yake karewa. Babban abin da ya karya shi, Malam Isa mai hatsi, dattijon da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya tsaya a kasuwa ya ce da idonsa ya ga hagu. Har mahauta da 'yan hatsi sun kusa ba hammata iska.

Na ce, "Ai ni ina wurin. Da dama ka yanka."

Ya ce, "To kai da Malam Isa, wa za a yarda da shi?"

Na ce mu je mu duba fim ɗin. Na kira Malam Haruna, muka shiga ɗakin ajiya da Altine, muka toshe taga, muka rataya ƙyalle a tsakiyar ɗaki, aka tada inji. Ga Altine nan yana yanka da dama, ba shakka. Shi kuwa bai natsu ba, ya tashi ya matsa yana so ya taɓa hoton, har ya zagaya bayan ƙyallen. Sai muka ji ya ƙwala salati.

"Innalillahi! Wallahi hagu ne! Ga ni nan ina yanka da hagu!"

Ya fito daga bayan ƙyallen. Malam Haruna ya dafe kai ya ce, "Bayan ƙyalle! Duk wanda ya zauna baya, a juye yake ganin komi, kamar madubi." Ni ma na zagaya na gani. Nan na gane ba wanda ya yi ƙarya a cikin garin nan.

Muka kai wa Mai Lofe magana. Ya saurara, ya ce abin bai yi masa daɗi ba, kuma mafi sauƙi a yanke wurin yankan daga fim, a bar fiɗa kawai.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in aka yanke, an tabbatar musu ke nan akwai abin ɓoyewa. Mutumin nan ba zai sake sayar da nama a Sakkwato ba."

Ya zuƙi lofensa, ya ce, "Me kake so a yi?"

Na ce a ba mu mota da inji na yini ɗaya. Ƙa'ida ba ta yarda a fita da na'ura ba sai don nunin da aka tsara, amma ya ce mu je, in an tambaya shi zai amsa.

Muka so a haɗu a gidan Sarkin Pawa a sake haska fim ɗin, amma Malam Isa ya ƙi zuwa. Ya ce in muna da gaskiya mu same shi a ɗakinsa na ajiyar hatsi, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Can muka je bayan azahar. Muka ɗaura ƙyalle tsakanin buhunan gero. Sarkin Pawa ya zo da dattawansa, Malam Isa da nasa, Altine ya raɓe a bakin ƙofa.

Muka fara zaunar da Malam Isa a baya. Da aka zo wurin yanka ya ɗaga murya, "To, ga shi nan! Mi nic ce muku?" Malam Haruna ya mayar da fim, muka dawo da shi gaba. Ya ga wuƙa a hannun dama. Ya dube ni ya ce, "Yaro, kun sauya shi."

Na ce, "Baba, a sake juyawa, kai ka zagaya da ƙafarka."

Aka sake. Dattijon nan ya kama gefen ƙyalle, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya sake leƙawa. Na ɗauka an gama, sai ya juyo ya ce, "Na ga gaba dama, baya hagu. To wane ag gaskiya? Wa ya ce muku ba na bayan ne na ƙwarai ba?"

Ban yi tunanin wannan ba, Malam Haruna ma haka. In muka ce mu mun sani, maganar ma'aikatan Nasara ce, ba za ta sayu ba.

Malam Isa da kansa ya ce, "Altine, taho nan. Tsaya kusa da hotonka." Altine ya tsaya a gefen ƙyalle, haske na dukan fuskarsa. Yana da tabo a kuncin dama, inda ƙahon bijimi ya taɓa tsaga shi. Aka juya fim. Dattijon ya dubi mutum, ya dubi hoto: daga gaba, tabon yana gefe ɗaya da na mai shi. Ya ja Altine suka koma baya. A can, tabon hoton ya koma ɗaya kuncin.

Malam Isa ya cire hularsa ya share zufa, ya ce, "Na gaba shi ne Altine. Ɗana, na ci haƙƙinka. Ka yahe mini."

Altine ya durƙusa, kuka ya ƙwace masa. Ni kuwa na zauna a kan buhun gero. Sai a lokacin na ji rigata ta jiƙe sharkaf.

Malam Isa bai bar abin a cikin ɗaki ba. Ya riƙo hannun Altine har tsakiyar kasuwa, inda ya yi maganar farko, ya faɗa wa jama'a abin da ya gani. Ranar da muka nuna cikakken fim ɗin, a jikin bango muka rataya ƙyalle, kowa ya zauna gaba. Da wuƙa ta fito a hannun dama, sowar da aka yi sai da ta rufe muryata a lasifika, na yi shiru na bar su.

Ku da kuke yanka guntun fim yanzu don jan hankalin masu kallo, ga abin da na koya. Wanda kuka haska yana da rumfa a kasuwa da iyali a gida, gobe da safe cikin mutanen da suka kalle shi zai fita neman abinci. Su kuma masu kallo, mutanenmu ba su cika ƙarya a kan abin da idonsu ya gani ba. In mutum biyu masu gaskiya suka saɓa a kan hoto ɗaya, kafin ku ƙaryata ɗaya, ku fara tambayarsu inda kowa ya zauna.