Malama Murja, Wadda Ba Ta Tsayawa a Zaure

Da hantsi za ka gan ta ta ɓullo daga Mandawari, jaka a kafaɗa, tana bin lungu tana sallama. Malama Murja ke nan. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, a watan nan ta ajiye saboda ciwon gwiwa.

Aikin nata sai da bayani. Masu kawo tallafi daga waje, na gidan sauro ne ko na iri da taki, sukan ware wani kuɗi daban don a bincika ko abin da suka bayar ya yi amfani. Manyan masu binciken suna ofis. Mai shiga gida ta yi tambaya ita ce Murja. Ni ban yi boko mai nisa ba, fata nake saye da sayarwa a Jakara, amma na san duk abin da za su rubuta a can, daga bakin irinta yake fitowa.

To, mu mutanen cikin gari muna da wani hali. Wanda ya yi maka kyauta, in ya aiko a ji yadda ka same ta, ba ka cewa ba ta yi ba. Shekarar da aka raba gidan sauro, Murja ta same ni a zaure.

"Baba, ana kwana a ciki?"

"Kullum. Allah ya saka musu."

"Madalla. A ba ni wuri in yi azahar."

Ta shiga ɗakin maiɗakina, Nana Hauwa. Da ta sallame ta ɗaga kai, ga gidan sauron can saman kabad, ko ledarsa ba a yage ba.

"Hajiya, wannan na auren wa ake ajiyewa?"

Nana Hauwa ta yi dariya. "Ke dai bari. Ƙusa huɗu yake so, bangon kuma na ƙasa ne, ana bugawa yana zubowa. Da zafi a tsakar gida muke kwana, a jikin me zan ɗaura?"

Haka take yi. Wani gidan ta ce za ta ga jariri, wani gidan ta shiga gaida tsohuwa, ko ta yaya dai sai ta ga makwanci da idonta. Takardun sauran masu tambaya suka ce kusan kowa yana amfani da shi. Nata suka ce ko rabi ba a kai ba.

Abokiyar aikinta Aminat tana wurin lokacin da shugabansu ya kira Murja.

"Malama, in wannan sakamakon naki ya tafi za a ce aikin bai yi ba. Ki gyara, ko kuma zagaye na gaba babu ke."

"Yallaɓai, yaran da na tarar a kwance da zazzaɓi fa, su ma in gyara su a takarda?"

Babu ita ɗin kuwa. Wata takwas tana gida tana ɗinkin hula, ga marayu uku a gabanta. Sai da wata mai bincike ta haɗa takardun da rajistar ɗakin shan magani, ta ga na Murja kaɗai suka dace da yawan masu zazzaɓi, sannan aka nemo ta. Rabon da ya biyo baya, a unguwarmu gidan sauro mai igiya ɗaya aka kawo, wanda ake ratayawa a azara ko a igiyar shanya. Damina biyu ke nan ba mu kai jika asibiti da zazzaɓi ba.

Malama Murja, ke ce kika san kunyarmu, ba ki tozarta mu da ita ba, ba ki kuma bari ta cuce mu ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma da za ku karɓi jakarta, kada ku zauna a inuwa ku cike takarda da "Allah ya saka". Ku shiga ku gani.

An ce manyan sun buga littafin binciken, na sa an duba mini daga farko har ƙarshe, babu sunanki. To ga shi nan: Murjanatu Nu'uman, Mandawari.