Akwatin Baba da mujallar Muntari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Muntari, amma har yau in babur ya tsaya a ƙofar gidanmu na Zongo da la'asar, sai na ɗaga kai.

Ni karatuna bai yi nisa ba, gwanjo nake sayarwa a kasuwar Hédzranawoé, nan birnin Lomé. Muntari ne ya yi boko har jami'a, ya kama aiki a ɗakin karatu. Abin da ke cin ransa shi ne malamai da ɗalibanmu suna bincike, rubutun kuma yana kwance a durowa. Sai ya samo wata manhaja ta kyauta, ya kafa mujallar bincike a intanet wadda kowa zai buɗe ya karanta. Ya ce mini mutane daga ƙasashe da yawa suka haɗu suka gina manhajar, kuma cikinta a buɗe yake, duk wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Na yi masa dariya. Na ce a kasuwarmu kayan da ba shi da mai shi juji muke kai shi.

Mahaifinmu malamin allo ne. Ya bar akwatin ƙarfe cike da takardun ajami: wasiƙun fataken goro, labarin saukar kakanninmu Lomé, da wa'azozin da ya rubuta da hannunsa. Muntari ya so ya ɗauki hotonsu, ya yi nazari, ya sa a mujallar. Ya ɗauki shafi tara na shigo na tarar da shi.

"Yaya, ba sayarwa zan yi ba fa. Kowa zai karanta."

"Kowan ne ba na so. Baba bai taɓa ba mutum karatu ba sai ya durƙusa a gabansa."

"To Yaya, kai ka durƙusa?"

Da murmushi ya faɗa. Ni kuwa na danna kwaɗo, na jefa mabuɗin a aljihu.

Yau zan faɗi abin da ban faɗa masa ba. Ba al'adar Baba nake karewa ba. Ni na gudu kasuwa tun ina ƙarami, ajamin Baba da ƙyar nake haɗa shi. Muntari ɗan boko shi ya zauna ya durƙusa. Mabuɗin nan kaɗai ya rage mini da zai nuna ni ne babba.

Damina biyu bayan rasuwar Muntari ruwa ya shiga gidan, akwatin yana ƙarƙashin gadona. Tawadar malamai an yi ta ne don ta wanku daga allo, ba ta gardama da ruwa. Da na buɗe, sai takardu manne da juna, rubutun ya koma dishi-dishi. 'Yan na sama kawai suka tsira.

Mujallar kuwa tana nan. Malama Rakiya, abokiyar aikinsa, ita ke riƙe da ita, mutanen da ba su taɓa jin sunan Muntari ba kuma suna ta gyara manhajar. Bana na ɗauki ragowar takardun a bayan babur na kai mata, na ce ta sa duka, har hotunan shafi taran da Muntari ya ɗauka na hana. Ba ta yi mini gori ba. Muntari ma na san ba zai yi ba. Cewa zai yi, "Yaya, ka makara, amma shigo," ya matsa mini kujera. Wannan kujerar nake kewa.

Mabuɗin yana aljihuna har yanzu, ba abin da yake tsarewa. Abin da na kulle ya tafi, abin da Muntari ya buɗe shi ya zauna. Kullum bayan sallar asuba nakan buɗe mujallar a waya, in faɗaɗa rubutun Baba da yatsu biyu, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. A kan tabarma nake yi, a durƙushe. Allah ya jiƙanka, Muntari. Na kai shafi na huɗu.