Jagoran Jirgi daga Jandutsi

Maiwada ɗan manoman albasa ne a Jandutsi, kusa da Jega. Shekara biyu bayan zuwan Turawa ya kora jakunan albasa zuwa kudu, ya yi ta tafiya har Jebba. A can ya ga jirgin ruwan gwamnati mai hayaƙi, ya sayar da jakunan, ya shiga aikin jirgi. Har gobe danginsa ba su gama mitar jakunan nan ba.

Daga zuba itace a wuta ya fara. Sannu a hankali ya zama jagoran jirgi tsakanin Lakwaja da Jebba, mai hula da maɓallan tagulla. Kallon fuskar kogin Kwara kawai yake yi ya san inda yashi ya kwanta. Kyaftin Bature, duk da taswirarsa, ba ya motsawa sai Maiwada ya ɗaga hannu.

Amma zuciyarsa na fadamar mahaifinsa. Kowace shekara sai ya ce baɗi zai koma ya gan ta tana kore, haka har shekara ashirin. Da idanunsa suka fara hazo ya nemi sallama tun yana iya gani. Kyaftin ya roƙe shi damina ɗaya tak, wai babu magaji. Maiwada mutum ne mai son a roƙe shi, ya yarda.

A daminar nan ganin ya ƙare. Sai ya koma dabarar gida: a zura gora a ruwa, a miƙo masa laka, ya murza ta da yatsu kamar mai shirin dashe, ya faɗi inda suke. Jirgi bai taɓa kafewa ba, amma a kan jaki aka kawo shi Jandutsi, ana jan akala.

Washegari ƙanensa Dalhatu ya riƙe masa sanda zuwa fadama, yana ta yabon albasar bana. Maiwada ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa, ya daɗe yana murzawa.

"Dalhatu, wagga ba tamu ta ba."

Dalhatu ya ce, "Gulbi ya canye ta, Yaya. Bara waccan."

Baƙin ciki ya kama Maiwada, bai ɓoye ba. Ya goge hannu a rigar aikinsa, ya ce a kai shi bakin ruwan, daidai inda fadamarsu take a da.