Motar Hedimasta da Tudu Uku

"Wai ka ji Hedimasta ya sayi mota?"

"To mene ne? Ai ya isa."

"Ja ce fa, irin ta tsere. Ƙofa biyu, kujera biyu. Da idona na gan shi yana gwada ta a babban titi."

"Hedimastan da ke karya alli gida biyu kafin ya ba malami?"

"Shi fa!"

"Innalillahi!"

Hirar da ake yi ke nan a shagon aski ranar da abin ya faru. Shekara talatin da ɗaya Hedimasta ya yi yana zuwa makaranta a keke, daga baya ya koma babur. Shi ne kuma, bayan wata mota ta kusa take ɗalibansa, ya bi gida-gida har aka zuba tudu uku na siminti a layinsu don rage gudu. Ranar aikin tsayawa ya yi a kan magini yana cewa, "Ƙara masa tsawo! Ƙara!" Har yau direbobin tasi in sun iso wurin sai sun yi tsaki.

Wannan mutumin ne ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya zuba kusan duka a motar da ta shekara goma sha biyu a hannun wasu. Da ya faɗa wa matarsa a waya, cewa ta yi, "Malam, kujera biyu? Jikokin fa, a but za mu zuba su?"

Da la'asar ya shigo layi da ita, mutane sun yi cirko-cirko. Tudu na farko, ƙurrr. Na biyu, ƙarrr. A na uku aka ji ƙwas! Baƙin mai ya bi ta a baya kamar zare har ƙofar gida.

Bakanike ya zo ya kwanta zai leƙa, kansa ma ya ƙi shiga ƙarƙashinta. Sai da aka sa jak.

"Baba, kaskon da ke riƙe baƙin mai ya fashe. Babu shi a kasuwa, sai an yi oda, wata biyu in an yi sa'a. Tayoyin baya ma sun cinye, kowace ɗaya kuɗin tsohon babur ɗinka ce. Ga ta da shan fetur kamar gardi."

Hedimasta ya nemi kujera ya zauna.

"Kuma ko an gyara," in ji bakaniken, "duk ranar da ta hau tudun nan sai ta sake fashewa."

Kwana tara tana ajiye. Ya kira dillalin da ya sayar masa, mutumin ya taya ƙasa da rabi.

"Rabi bai kai ba? A kwana tara? Ko kasuwa ban je da ita ba!"

"Ranka ya daɗe, irin wannan motar masu kallo dubu ne, mai saye ɗaya. Shekara biyu na yi ina jiran ɗayan, sai ga ka."

Magini yana gefe yana ji. Ya matso ya rage murya. "Malam, kada ka yi wannan asarar. Ni na zuba tudun nan uku. Ba ni awa ɗaya da guduma, in mayar da su shafe."

Lokacin tashi daga makaranta ne. Yara sun cika layi, suna tsallaka titi ba tare da sun duba hagu ko dama ba. Wata tasi ta taho a guje, ta ci burki a tudun farko. Hedimasta ya daɗe yana kallo.

"Ko faɗin yatsa ba za a rage ba," ya ce. Ya juya ga dillali. "Na sallama."

"Madalla. Amma a babban titi zan karɓe ta, kuma in ta ƙara gogar siminti zan rage."

Hedimasta ya naɗe hannun riga, ya leƙa shagon aski. "Jama'a, don Allah ku fito ku kama mini. Mutum takwas nake nema, masu ƙarfi, mu ɗaga ta mu tsallakar."