Rarar da Dawo-Jibi Ya Bar wa Zinariya

Taubashina tela ne, ɗan gwaggona, kuma duk layinmu ba wanda ke kiransa da wani suna sai Dawo-Jibi. Ka kai masa yadin ɗanka yana rarrafe, ranar da za ka karɓi rigar yaron ya fara aske gemu. Shagonsa ɗaki ne guda, da fanka mai kukan akuya, da tsohon keken ɗinkin da ubansa ya mutu ya bari. Keken nan shi ke ciyar da shi da matarsa da Gwaggo.

Bara wani mai kawo ɗinki ya koya masa saye da sayar da zinariya a waya, ba tare da ya taɓa ko ɗan kunne ba. Tun daga nan allura ta huta.

"Zo ka ga ilimi, jahilin gidanmu," ya ce mini wata rana, yana tura mini wayar a hanci. "Ka ɗora yatsa inda farashi ya faɗi, ka ɗora inda ya hau, sai ta jera maka layuka a tsaye. Tazarar kwana ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas, kullum ka haɗa biyun baya. Duk ranar da farashi ya iso kan layi, dole ya juya."

Na ce, "Ita zinariyar an gaya mata?"

"Laifina ne da nake magana da ɗan aji uku."

"A gafarce ni, shehin aji huɗu."

Ya kwafe zanen a bangon shago da allin ɗinki da tef ɗin awo, har bangon ya koma kamar kejin kaji. Layuka suka yi ta zuwa suna wucewa, zinariya ba ta ko gaishe su. Kullum uzuri guda: yatsansa ne ya zame.

Sai ga babban layi ya faɗo a kan wata Laraba. Dawo-Jibi ya rantse farashi zai yi ta hawa har ranar, sannan ya rikito. A saya yanzu, a sayar Laraba, a yi arziki. Jari ne babu. Ya tsallaka titi wajen Gajere, telan da suka shekara goma ba sa ga-maciji, ya jinginar masa da keken: in wata ya ƙare bai biya ba, keke ya zama na Gajere.

Gwaggo ta zo shagon da kanta, ta dafa keken. "Ɗan nan, da wannan aka yaye ka."

"Inna, na lantarki zan saya miki, ki riƙa jingina da shi kina shan iska."

Abin da ya fi ba ni haushi, Larabar nan layin ya yi gaskiya. Sau ɗaya tak a rayuwarsa! Ina shagon da hantsi, farashi na hawa kamar ɓarawon da aka biyo ya ga katanga. Kuɗin keke ya fito, na fanka sabuwa ya fito, matarsa na bakin ƙofa da kwanon abinci tana rawar jiki.

Na ce, "Sayar mana, ɗan gwaggo!"

Ya tashi a tsanake, ya ciro tef daga wuya, ya auna yatsa biyu gaba da layin bangon, ya ɗiga alli.

"Wane tela ka taɓa gani ya yanka yadi a kan layi? Ai rara ake bari. Kuma tsakani da Allah, wa ke zuwa ranar da ya ce? In kasuwa ta ce Laraba, Juma'a take nufi. Ni za a gaya wa alkawari?"

Alhamis zinariya ta juya. Juma'a ta faɗo kamar an tunkuɗo ta daga bene, ta tafi da ribar, ta dawo ta kwashe uwar kuɗin. Ya yi ta girgiza wayar yana hura mata iska, wai ko ta yi zafi ne.

Ranar ƙarshen wata, ko shayi bai sha ba sai ga Gajere da mai kurar ɗaukar kaya.

"Haba abokin sana'a," in ji taubashina, "ka dawo jibi."

Gajere ya ce, "Ni a kan layi nake yanka."

Aka ɗora keken, aka tsallaka titi da shi, mutanen layi da ya cinye wa yadi suna tafi. Wata tsohuwa har guɗa ta yi. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta dai dubi ramukan da ƙafafun keken suka bari a siminti, ta ce masa, "Auna waɗannan ma," ta fita. Har yau in ya gaishe ta, bango take amsa wa.

Yanzu a shagon Gajere yake, a kan benci, yana ɗinka maɓalli da hannu. Keken ubansa na gabansa yana ƙara, an hana shi ko goge masa ƙura. Ni kuwa duk Laraba sai na leƙa, don zumunci.

"Shehi, yaushe za ta juya?"

Makon jiya bai zage ni ba. Ya saci kallon Gajere, ya matso, ya rage murya: "Ara mini wayarka. Na gano kuskuren. Rarar ce ta yi kaɗan."